Rasuwar Gwaggo Toka, Wadda Ta Tafi da Shaida a Cikinta

Da zuciya cike fal da baƙin ciki, da ido ɗaya a kan ƙofar gida, Malama Murjanatu ta Yelwan Yauri, sakatariyar ƙungiyar masoya Magaji gwanin tseren jirgin ruwa, take sanar da rasuwar kwamfutarta, wadda aka fi sani da Gwaggo Toka. Rai ya yi halinsa ranar Talata bayan la'asar, a kan cinyar mai ita, ana tsakiyar aiki. Ta tafi da aikin, ta kuma tafi da shaida ɗaya tak da za ta wanke Murjanatu a wurin mutanen Warra.

Marigayiyar ta zo Yauri ne da tsufanta, 'yar gwanjo, da tabo a goshi da harafi biyu da suka fita. Shekara shida ta yi tana hidima ba ta taɓa cewa ta gaji ba, iyakarta "fuuuu" kamar mai hura wutar icce. Duk wani bidiyon Magaji da ya zagaya wayoyin mutane daga Shanga zuwa Ngaski, a cikinta aka yanka shi, aka ɗinke, aka sa masa kiɗa. Tana da haƙuri, tana da riƙon amana. Aibinta guda: abin da aka ce ta yi shi take yi, ko da kuskure ne.

Ciwon ajali ya faro ne daga tseren da aka yi makon jiya. Magaji ya zo na ɗaya, Umaru na Warra ya bi masa. Ana gamawa sai mahaifin Umaru, Baba Sulaiman, dattijon da rabin jiragen Warra na 'ya'yansa ne da jikokinsa, ya tako cikin ruwa har gwiwa ya miƙa wa Magaji filafilin tuƙinsa na gado don girmamawa. Bayan kamar minti ɗaya wani ɗan koyo ya kife da jirginsa a ruwan da bai kai ƙugu ba, makaɗa suka bi shi da zambo, jama'a na sheƙa dariya.

Hotunan da 'yan ƙungiya suka turo wa Murjanatu da waya aka ɗauke su, kuma waya hoto talatin take ɗauka a kowace daƙiƙa. Ita kuwa Gwaggo Toka an bar ta a kan ashirin da biyar tun wani aikin biki da aka yi da babbar kyamara. Murjanatu ba ta duba ba. Ta juya fayil ɗin zuwa wanda kowace waya ke iya buɗewa, sai hoto ya koma tafiyar hawainiya, sauti kuwa ya ci gaba da gudunsa. A farkon bidiyon ba wanda zai lura. A minti na shida, sauti ya riga hoto da minti guda cur.

Farkon kawai ta kalla. Masoya na ta kira, ta tura.

Abin da duniya ta gani shi ne Baba Sulaiman tsaye cikin ruwa da furfurarsa, yana miƙa filafili hannu biyu, makaɗa kuma na rera masa: "Rago ɗan rago, ruwa ya fi ƙarfinka, koma tudu ka yi kiwon kaji." Ga dariyar jama'a a kai.

Kafin azahar bidiyon ya isa Warra. Kafin la'asar Umaru ya aiko da saƙon murya mai daƙiƙa huɗu: "A gaya ma malamar, ruwa na da tsawo." Ita kuwa Murjanatu a wani tsibiri take koyarwa, kuma duk Litinin a jirgin gidan Baba Sulaiman take ƙetarawa. Ba ta iya iyo ba.

Mahaifiyarta, Inna Dudu, ta tsaya mata a ka. "Mi kinka yi, ɗiyar nan? Duk tsohhin duniya ki rasa wanda za ki sa ma zambo sai mai ruwa?"

"Inna, wallahi ba ni ba ce, lissafin hoto ne ya saɓa."

"To ki tahi ki gaya ma kada lissahi."

Nan aka tayar da marigayiya, ba ta huce ba, aka ɗora mata gyara. Asalin hotunan duk suna cikinta, domin masu wayoyin sun goge nasu don neman wuri. Ta karɓi aikin ba musu. Ta yi "fuuuu", ta koma "ƙirr, ƙirr", jikinta ya yi zafin da za a gasa kifi a kai. Murjanatu na mata fifita da murfin tukunya tana lallashi. Ta kai casa'in da ɗaya cikin ɗari. Sai ta ce "tik", fuskarta ta yi baƙi, wari kamar na ƙonannen gashi ya tashi.

Ta rasu ta bar caja ɗaya mai ɗaure da baƙin salatif, da filashin ajiyar fayil biyu, ɗaya ba ya cikin hayyacinsa, da jakar da ta zauna a ciki tun zuwanta. Ta bar masoya Magaji ɗari uku da 'yan kai, waɗanda arba'in daga cikinsu suka fice daga ƙungiya jiya ba sallama. Shi kansa Magaji bai ɗaga waya ba har yanzu.

Da an shirya kai gawar wurin mai gyara a kasuwa ranar Alhamis, a buɗe cikinta ko za a samu rumbun ajiyarta da sauran numfashi, sannan a sa ta a kwali a tura ƙarƙashin gado. Zaman makoki a gidan Inna Dudu, ban da ɗaukar hoto.

Sai dai ana cikin rubuta wannan sanarwa wani dogon mutum ya yi sallama a zaure, wandonsa jiƙe har gwiwa. Ba wanda ya san shi. An kai masa ruwa bai sha ba, an shimfiɗa masa tabarma bai zauna ba. Ya ce ta'aziyya ya zo, kuma tsoho Baba Sulaiman ya ji an ce gaskiyar magana na cikin mamaciyar, don haka a gabansa za a buɗe ta.

Saboda haka ana sanar da 'yan uwa da abokan arziki cewa an sauya wuri. Za a yi jana'izar Gwaggo Toka a Warra, yau ɗin nan. Jirgi na jira a bakin ruwa, kuma baƙon ya ce wurin mutum ɗaya ne a ciki: gawa da mai gawa.