Nomau da Kunnen Doki

A ƙauyen Kwarin Gawo, inda katangar jami'a ta zo ta tsaya a bakin gonaki, akwai wani magidanci ana ce masa Nomau. Gidansa mutum uku ne da akuya: shi, da matarsa Tasalla, da tsohuwarsa Iya Kande wadda kunnenta ya yi nauyi, shi ya sa ita kaɗai ce a gidan ba ta taɓa yin faɗa da shi ba. Nomau ba malalaci ba ne, kuma ba ya ƙarya. Ciwonsa ɗaya ne: yadda magana ta fito daga bakinka haka zai ɗauka ya aikata, ba ragi ba ƙari. Tasalla ta taɓa ce masa ya duba mata akuya. Ya je ya duba, ya dawo ya shaida mata tana nan lafiya ƙalau, tana cin dawar da aka shanya.

Da abin ya ishi Tasalla, sai ta kai kuka wurin yayanta Haladu, mai yankan ciyawa a filin ƙwallon jami'a. Haladu ya yi ta bin Koci Bawa, mai horar da ƙungiyar ƙwallon, da magiya har ya ɗauki Nomau aikin wankin riguna da hura ƙwallo da ɗaukar ruwan sha. Ranar da aka ba shi rigar ƙungiya, ruwan ɗorawa mai ratsin kore, bai nufi gida ba sai da ya zaga kasuwa da mahauta da majalisar bakin masallaci. Duk duniya ba abin da yake so kamar rigar nan. Haladu ya gargaɗe shi cewa Koci ba shi da dogon haƙuri, ranar da ya gaji da mutum rigar yake fara karɓewa.

Wata rana ana shirin wasa, wani ɗan wasa mai suna Nafi'u ya zo yana gunaguni, wai tun da aka fara gasa ba a taɓa sa shi ba. Koci ya ce, "Yau ma ɗumama benci za ka yi." Nufinsa dai zama zai yi a gefe. Nomau ya dubi yaron, tausayi ya kama shi. Ɗalibi guda mai karatun lauya a sa shi wannan wahala? Ya ruga gida ya ɗauko kaskon wutar Iya Kande, ya shaƙe shi da garwashi, ya tura ƙarƙashin bencin 'yan canji. Wasa ya yi nisa sai aka ga 'yan benci sun zabura gaba ɗaya suna tsalle. 'Yan kallo suka zaci an ci ƙwallo, suka kaure da sowa. Katako ya yi baƙi ƙirin, wandon Nafi'u kuwa ya huje a inda ba a son wando ya huje.

"Nomau, mene ne wannan?" in ji Koci.

"Yallaɓai, sa hannu ka ji. Ya ɗumama har ya yi yawa."

Wata rana kuma aka zo wasa da wata kwaleji. Ishaya, ɗan gaban ƙungiya, ya riga 'yan bayan kwalejin wucewa kafin a bugo masa ƙwallo, alƙalin wasa ya busa usur. 'Yan kallon kwalejin suka ɗauki ihu, "Satar gida ne, satar gida ya yi." Nomau ya ji kamar shi aka mara. Ya yar da jarkar ruwa, ya keta fili a guje har gaban alƙali, ya durƙusa.

"Allah ya gafarta Malam, wallahi sharri ne. Yaron nan bai taɓa satar gidan kowa ba. Ni nake wanke wandonsa, ko aljihu ba shi da shi."

Alƙali ya yi ta nuna masa hanyar waje, Nomau yana ta neman a kawo shaidu. Da alƙali ya ƙufula sai ya zaro jan kati ya ɗaga masa. Nomau ya miƙe, ya sa hannu biyu ya karɓe katin, ya yi godiya, ya soka a aljihu ya fice. Sai da aka tsayar da wasa, Haladu ya bi shi har bayan raga ya lallashe shi ya dawo da katin. Ni dai a nan ban ga laifin Nomau ba. Mutanen ƙwallo ne ba sa kiran abu da sunansa, su ce wa mai usur alƙali, su ce wa mai sauri ɓarawo, sannan su yi mamaki don bawan Allah ya shigo kare mutuncin yaro.

Wata rana da damina ta kankama, 'yan wasa suka dawo daga atisaye duk sun yi kaca-kaca da taɓo. Koci ya tura wa Nomau kwandon riguna ya ce, "A wanke su tas. Kada in ga komai a jikinsu." Nomau ya zage, ya wanke, ya ɗauraye, ya shanya. Da ya ja baya ya duba sai ya ga har yanzu akwai abu a jikinsu. Ya samo reza ya zauna a gindin darbejiya, ya farke lambobi ɗaya bayan ɗaya, ya cire tambarin jami'a, ya kai wa Koci riguna fes yana murmushi. Yini guda Tasalla ta yi a kan keken ɗinkin maƙwabciya tana mayar da lambobi, tana yi tana yi masa ruwan faɗa. Da yake ita ma ba boko ta yi ba, sai ƙungiya ta wayi gari da masu lamba tara guda biyu, ba mai lamba shida.

Ranar nan Koci Bawa bai yi faɗa ba, abin da ya fi ba Nomau tsoro ke nan. Ya kira shi gefe ya ce, "Albarkacin Haladu kake ci, kuma ya ƙare. Ka ƙara min ko ƙanƙani, ka ajiye rigar nan ka koma gona." Nomau ya koma gida ya kasa cin tuwo. Ya ninke rigar ya sa a ƙarƙashin matashi, har Tasalla da ke fushi da shi ta ji tausayinsa.

Wata rana, ranar da makaranta gaba ɗaya take jira, wasan ƙarshe na rukuni ya zo. Lissafin mai sauƙi ne: in ƙungiyar jami'a ta yi canjaras, abin da 'yan ƙwallo ke kira kunnen doki, ta haye zagaye na gaba, in aka ci ta, ta faɗo. Tun safe aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, amma bai hana ɗalibai cika fili da ganguna da tutoci ba. Koci yana ta safa da marwa a ɗakin kaya. Ya ce wa Nomau, "Ka zauna kusa da ruwan sha, kada ka taɓa komai." Sannan ya dafe kai ya ce wa Haladu, "Ni ban nemi da yawa ba. Kunnen doki kawai nake so. Duk wanda ya samar min kunnen doki yau, ya gama min komai a duniya."

Zuciyar Nomau ta buga don murna. Ashe abin da zai wanke shi a wurin Koci bai fi ƙarfinsa ba. Ya san inda doki yake: a gonar jami'a da ke hayin rafi akwai wani tsohon kili da ɗaliban likitan dabbobi ke koyon allura a jikinsa. Ya sulale ya bar jarkoki, ya tattare wando, ya ratsa rafin da ruwa ya kai masa ƙugu. Ya ɗauko reza, amma da dokin ya juyo ya dube shi, sai ya kasa yankawa. Ya tsaya riƙe da kunnuwan yana girgiza su a hankali ko Allah zai sa su fito da kansu.

A haka Munzali ya same shi. Munzali shi ne mai tsaron ragar ƙungiya, ɗalibin likitan dabbobi, kuma jarrabawa ce ta kawo shi gonar da safe. Motar da aka turo don ta ɗauko shi ta kafe a taɓo can ƙetaren rafi, babu mai babur ɗin da zai yarda ya shigo. Ga golan canji da karyayyen yatsa. Yana tsaye da farar riga da takalmin roba, saura kaɗan ya yi kuka.

"Kawu Nomau, me kake yi a nan?"

"Koci ne yake son kunnen doki, ɗana, kuma sun ƙi fita."

Munzali ya dubi Nomau, ya dubi dokin, ya dubi rafi. Dariya ta ƙwace masa. Ya ce, "Kawu, ai ba a cire su. Da dokin ake kai su." Ya ruga ya roƙi malaminsu aron kili, malamin da shi ma hankalinsa yana filin ƙwallo ya ce su yi maza. Nomau ya ce shi zai hau gaba, tunda shi aka aika. Haka suka faɗa rafi, Nomau ya damƙe kunnuwa, Munzali ya damƙe Nomau da linzami, tsohon doki yana huci yana keta ruwa.

A fili kuwa alƙali ya riga ya duba agogo, 'yan wasa sun jeru, ba gola ba mai ruwan sha. Koci yana rantsuwa yau Nomau ya gama aiki, sai aka ji sowa ta tashi daga bakin ƙofa. Ga doki ya shigo da sukuwa yana watsa taɓo, ga rigar ruwan ɗorawa a gaba, farar riga tana kaɗawa a baya. Masu ganga suka sauya kiɗa, fili ya ruɗe. Munzali ya diro yana neman safar hannu. Nomau ya ja dokin har gaban Koci ya rusuna.

"Yallaɓai, ga su nan duka biyun. Ka yi haƙuri, dokin ne ya biyo su."

Koci ya buɗe baki, usur ya riga shi. Baƙin suka fara ci, filin ya yi tsit. Bayan hutun rabin lokaci Ishaya ya farke da kai, Nomau ya yi tsalle har jarka ta kife, sannan ya leƙa fuskar alƙali ya tabbatar ba a sake yi wa yaron ƙazafi ba. Ana dab da tashi aka ba baƙin fanareti. Ɗalibai suka dafe kai, wasu suka juya baya. Mai bugu ya buga ta kusurwa, Munzali ya tashi sama ya doke ta waje da tafin hannu. Usur ya biyo baya, mai lasifika yana ta shela har muryarsa ta dishe: "An tashi kunnen doki! Mun haye!"

Ɗalibai suka kwararo cikin fili, suka ɗaga Munzali, suka ɗaga Nomau, da doki zai ɗagu da sun ɗaga shi. Da aka sauke Nomau sai ya nufi Koci, ya fara tuɓe rigarsa jiki a sanyaye, don ya tuna an ce ya zauna kusa da ruwa bai zauna ba. Koci ya riƙe masa hannu, ya mayar masa da rigar, ya gyara masa wuya.

"Bar ta a jikinka, Nomau. Muddin ina nan, taka ce."

Nomau ya yi ta murmushi, hawaye na zuba. Can ya ce, "Yallaɓai, abu ɗaya ne ban gane ba. Tunda na kawo tun kafin a fara, don me aka wahalar da yaran nan da gudu?"

Koci ya yi dariya har ya riƙe ciki. Ya juya ga 'yan wasa, ya ɗaga hannu zai ce yanzu saura a ɗauko kofin gasa. Sai ya ga Nomau ya matso ya kasa kunne, ya san yana furtawa kofin shan shayi za a kawo masa daga kwandon kwanukan Tasalla, ya haɗiye maganarsa.