Ranar da Na Rangaɗa wa Kaina Guɗa

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da na je gaida mahaifin Zulai a Birmingham ba. Ko da ma na so in manta, akwai mutum biyar da suka sha alwashin ba za su bar ni ba.

Lokacin ina karatun digiri na uku a Manchester, ina zaune a wani ɗan ɗaki a Longsight, saman shagon mai nama. Zulai kuwa haifaffiyar unguwar Sparkbrook ce a Birmingham, nas ce a asibiti, kuma mun fi shekara muna fahimtar juna. Rannan ta ce lokaci ya yi da zan zo Baba ya gan ni. Ba neman aure zan je ba, wannan aikin manya ne. Zan je ne ya ƙare mini kallo, in na yi masa ya ce "turo magabatanka", in ban yi masa ba ya ce "a gaida gida". Ba ta ɓoye mini komai ba: mutum biyu sun riga ni zuwa, likita da injiniya, kuma dukansu da "a gaida gida" suka fita. Ni kuwa ina son yarinyar nan, so na gaske, irin wanda ke hana mutum gane abin da yake karantawa.

Na tambaye ta me Baba yake so, ko in riƙe masa turare ko littafi.

Ta ce, "Baba? Cowboy films. Amma ba masu harbe-harbe ba, masu waƙa."

Na ce, "Kaboyi? Baban naki da kika ce ba ya rasa sahun farko?"

"Shi fa. Every Saturday, ƙarfe biyu da rabi. Just don't talk over the songs."

To, ni ina da wata cuta tun ina ƙarami, ta bin ƙwaƙƙwafi. (Ni ne na taɓa kwance rediyon mahaifina da wuƙar girki don in ga mutanen da ke ciki. Ban gan su ba, amma na ga bulala.) Tun daga Manchester har muka shiga Birmingham, tambaya ɗaya ce take cin raina a cikin bas: me dattijon Bazazzage mai farin gemu yake nema a wurin Bature mai jita yana yi wa doki waƙa?

Na isa bayan azahar cikin shadda mai sitaci da hula zanna. Baba tsohon direban bas ne, dogo, mara yawan magana. Na durƙusa na gaishe shi, ya nuna mini kujera, ni kuma na zame na zauna a kan kafet kamar yadda aka koya mini. Ya tambayi sunan mahaifina da unguwarmu da abin da nake karantawa. Na fara yi masa bayanin bincikena a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa, ban kai rabi ba na ga ya dubi agogo. Ya ce "madalla", ya kunna talabijin.

Da, in ji Zulai, a wata cibiyar tsofaffi ta unguwa suke kallon, shi da abokansa, da shayi da biskit. Sai ga shekarun nan da gwamnati ta tsuke bakin aljihu, hukumar gari ta rufe wurin, ta kuma janye motar da ke kwaso tsofaffin. Daga cikinsu mutum ɗaya ya rage yana zuwa gidan Baba kallo, wani Mista Doyle, mutumin Ireland, tsohon kwandasta. Shi ma sai ya hau bas biyu, kuma ƙafarsa ba ta da ƙwari, don haka Baba kan je ya taro shi a bakin Stratford Road.

Fim ya fara, baƙi da fari. Ɗan wasa ya shigo gari a kan farin doki, da farar malafa, da jita a baya. Ƙa'ida ita ce in sunkuyar da kai a gaban suruki, amma idona ya ƙi ba ni haɗin kai. Mutumin nan ya yi dambe da mutum huɗu malafarsa ba ta faɗi ba. Ya harbe bindiga daga hannun bos, ko ɗigon jini babu. Sannan ya zauna a gindin wani dutse ya soma waƙa, dokin na gyaɗa kai. Ana cikin haka sai muryarsa ta yi wani abu da ban taɓa ji ba: ta karye, ta haura sama siririya, ta faɗo, ta sake haurawa, kamar ana wasa da guga a bakin rijiya. Na saci kallon Baba. Idonsa a lumshe, leɓensa na motsi.

Wayarsa ta yi ƙara. Ya miƙe ya ce, "Bari in shigo da abokina. Ka kalla mini, ka gaya mini abin da ya wuce." Ya fita ya ja ƙofa a hankali.

Da ina da hankali, da na zauna inda aka ajiye ni. Amma ɗan wasa ya sake karya murya, ni kuma tambayar ta taso: daga ina wannan sautin yake fitowa? Maƙogwaro ne, ko hanci? Na saurara, na ji mata suna can baya a kicin, ƙarar suya ta cika gidan. Na gwada ƙasa-ƙasa. Abin da ya fito ya yi kama da kukan ɗan akuya. Na ce to, wataƙila sai a tsaye. Na miƙe. A jikin bango, saman talabijin, akwai farar malafar kaboyi a rataye. (Har yau ban san abin da ya haɗa malafa da murya ba, amma a lokacin na ga kamar bincike ba zai cika ba sai da ita.) Na cire zannata na ɗora malafar suruki a kaina. Na sake gwadawa, ya ɗan yi kusa. Sai na lura muryar Baturen tana da ɗan hanci-hanci. Na sa yatsu biyu na toshe hancina, na ja numfashi, na saki murya iya ƙarfina, harshe na kaɗawa.

Jama'a, guɗa ce ta fito. Guɗa sosai, mai tsawo, irin wadda ake yi idan an shigo da lefe.

Kafin in sauke hannu, sai na ji an amsa daga saman bene: "Ayyururui!" Gwaggo Asabe ce, ƙanwar Baba, wadda ta taso tun daga unguwar Ladywood don ta ga "yaron Manchester". Ta idar da salla ke nan ta ji guɗa daga ƙasa, ta ɗauka Baba ya amince an gaya wa mutanen kicin. Mama kuma, mahaifiyar Zulai, ta ɗauka duka biyun Gwaggo ce, ta laɓe a matakala ta jiyo albishir. Na ji cokali ya faɗi, na ji Mama tana hamdala da muryar kuka. Na ji Gwaggo tana saukowa tana magana a waya da 'yan'uwa na Zariya: "Ku sanar da mutanen Tudun Wada, ya ba shi. Wallahi ya ba shi."

Ƙofar falo ta buɗe, Gwaggo ta leƙo da waya a kunne, Mama da Zulai a bayanta. A daidai lokacin ƙofar waje ta buɗe, Baba ya shigo riƙe da hannun Mista Doyle. Ga ni a tsakiyar falo, shadda na ƙyalli, malafa a kai, yatsu biyu a hanci. Na kasa ko sauke su.

Gwaggo ta dube ni, ta dubi Baba da ke shigowa daga waje, ta ce, "To wa ya yi guɗar?"

A talabijin doki ya yi haniniya. Zulai ta ce "Oh my God" ta koma kicin da gudu. Ni dai na san magana ta ƙare. Likita da injiniya ma da suka zauna lafiya an sallame su, balle wanda ya saci malafa ya yi wa kansa guɗa. Kunya ta rufe ni, kuma a ƙarƙashin kunyar akwai baƙin ciki, don na ga na rasa Zulai da hannuna.

Baba ya zaunar da abokinsa tukuna, ya gyara masa matashi. Sannan ya juyo.

"Me kake nema da ka toshe hanci?"

Na ce, "Baba, so nake in gane daga ina sautin yake fitowa."

Ya ce, "Ba daga hanci ba ne. Daga ƙirji ake tasowa, a saki a maƙogwaro." Sai dattijon nan ya gyara tsayuwa, ya ɗaga haɓa, ya karya murya tsaf, sama da ƙasa, ba gargada. Mista Doyle ya buga sandarsa a ƙasa ya amsa masa da tasa tsohuwar muryar. Mama ta riƙe baki. Daga baya ta ce tun aurensu ba ta taɓa jin haka ba.

Ganin an riga an yi asara, na ce bari in mutu da amsata. "Baba, me ya sa kake son finafinan nan?"

Ya ce, "Su biyun da suka zo ba wanda ya tambaya. Ɗaya waya yake dannawa, ɗaya ya ce mini shirme ne." Ya nuna talabijin da haɓa. "Ka lura ɗan wasan nan kullum baƙo ne? Yana shigowa gari ba wanda ya san ubansa, kowa na hararar sa. Bai zagi kowa ba. Ya yi aikinsa, ya yi waƙarsa, kafin a tashi an ba shi wurin zama. Na kalle shi a silima a Zariya ina saurayi, Doyle ya kalle shi a garinsu. Da muka zo ƙasar nan muka sha harara a cikin bas, shi kaɗai muka sani a tsakaninmu."

Gwaggo ta ce, "Yaya, ni fa na riga na gaya wa Tudun Wada."

Baba ya yi ajiyar zuciya. "To ai ba zan mayar da ƙanwata maƙaryaciya ba. Kai, turo magabatanka. Kuma ka mayar mini da malafata inda ka same ta."

Yau 'ya'yanmu biyu. A wurin bikinmu, da aka zo shigar da amarya, Gwaggo Asabe ta hana kowa buɗe baki, ta ce a kira ango, shi ne gwani. Har yanzu in na kira gidan, Mama kan ce wa Baba "ga maguɗin gidanka". Abin da na koya dai shi ne, bin ƙwaƙƙwafi ba laifi ba ne, amma in za ka yi bincike a gidan surukai, ka fara da tambaya, kuma ka bar hancinka a buɗe.