Rasuwar Uwar Romo, Tukunyar Ƙasa Mai Dafa Ƙaguwa

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika ta fal, da hannun da har yanzu yake ƙarnin kifi, nake sanar da 'yan uwa da duk wanda ya taɓa lashe yatsa a ɗakina rasuwar tukunyata ta ƙasa, wadda aka fi sani da Uwar Romo. Ta cika ranar Asabar da hantsi, a kan risho, tana tsakiyar aiki.

Marigayiya ta zo hannuna daga wurin kakata. Ta shekara ashirin da ɗoriya tana dafa kifi, ƙaguwa da jatan lande, ba ta taɓa ƙona albasa ba, ba ta taɓa tona asirin mai girki ba. Na karanta littattafan soyayya da yawa, amma ban ga baitin da ya kai "fuɗ-fuɗ-fuɗ" ɗinta daɗi ba idan tafarnuwa ta haɗu da lemon tsami a cikinta. Sharaɗinta ɗaya ne, kaka ta sha nanata mini: idan ta ɗau zafi, ba a kai mata sanyi.

Ga yadda ajali ya zo. Akwai wata malamar lissafi da na shekara ina aika wa waƙoƙi. Ran nan ta ce, "Malam mawaƙi, Gwaggo ta ce ba a cin baiti. Za mu zo mu ga ko kana iya ciyar da mutum." Gwaggon nan ita ta raine ta, kuma duk wanda ta girgiza wa kai, zancensa ya ƙare.

Na ce su zo da azahar. Suka yi sallama da hantsi, domin Gwaggo ta fi son ta ga mai girki kafin ya goge gumi. Romo na tafasa, ƙaguwa ta yi ja, amma jatan landen na cikin firiza, sun daskare kamar tsakuwa. Na ji muryar malama a bakin ƙofa, hankalina ya bar jikina, na juye su duka cikin tukunyar da ƙanƙararsu.

"Ƙas!" Kalmar marigayiya ta ƙarshe ke nan.

Romo ya malale ƙasa, ƙaguwa ɗaya ta sulale har gaban takalmin Gwaggo. Malama ta toshe baki da gyale tana ɓoye dariya. Ni kuwa na tsaya riƙe da ludayi ina yi wa aurena bankwana. Gwaggo ta tsallake ƙaguwar, ta duƙa kan gindin tukunyar da ya rage da ɗan romo, ta tsoma yatsa ta lasa. Ta sake tsomawa.

"Gishiri ya ji," in ji ta. "Ɗan nan, ka iya miya. Hankali ne ba ka da shi, shi kuwa 'yata za ta zo da nata."

Marigayiya ta bar murfi ɗaya, wanda bai dace da bakin kowace tukunya ba, da ludayi biyu, da wata faffaɗar tasa da ta saba karɓar baƙi a madadinta. Muna roƙon a taya su haƙuri.

Za a binne gutsattsarinta gobe da safe a gindin bishiyar lemon tsakar gida. Za a karɓi gaisuwa ranar Asabar mai zuwa, ranar da Gwaggo ta ce za ta dawo da kawunnan malama su huɗu, kuma dukansu maciya ƙaguwa ne. Saboda haka duk mai zuwa ta'aziyya, don girman Allah kada ya wahalar da kansa da dogon jawabi. Ya zo da tukunya.