Rasuwar Kular Abincina a Hannun Ƙanin Matata

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da har yanzu bai huce ba, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kular abincina. Kada wani ya zo yana ce mini kwananta ne ya ƙare. Kashe ta aka yi. Ƙanin matata ne ya kashe ta, wanda ake kira Yanzu-yanzu, mai ɗinkin littafi a maɗaba'ar da nake aikin gyaran rubutu, wanda ni da bakina na roƙar masa aikin.

Marigayiyar ta ƙarfe ce, doguwa, mai hannu ɗaya. Matata ce ta sayo ta a shekarar da na fara aiki, tun ina shara a wurin ina koya wa kaina karatu da takardun da aka zubar. Tun daga lokacin ba ta taɓa yin fashi ba. Abin da aka zuba mata da asuba, haka za ta miƙo shi da rana da zafinsa, ba ragi ba ƙari. Ba ta taɓa zubar da miya a jaka ba, ba ta taɓa tona wa maƙwabcin tebur asirin abin da ke cikinta ba. Ranar da akwai kaza da ranar da babu, fuskarta ɗaya ce. Mutane nawa za a yi wa wannan shaidar?

Ba mai yawan magana ba ce. In ana murɗa murfinta takan ce ƙiris, ƙiris, in ya buɗe ta ce fuuu, tururi ya rufe mini tabarau. Iyakar maganarta ke nan, kuma ta fi ta wasu da ke cikin maɗaba'ar amfani.

Saboda ita ne na shekara da shekaru ban taka gidan abinci ba. In rana ta take, matasan wurinmu sukan zuba turare su fice, su dawo a makare da tsinken sakace a baki, suna gardamar wane gida ya fi wane. Ni kuwa in shimfiɗa tsohuwar jarida a kan teburina, in ci abin da na san hannun da ya dafa shi, in gaya musu gaskiya ko ba su tambaya ba.

Ga yadda ajali ya zo. Wani sabon gidan abinci ya kawo mana aikin buga littafin jerin abincinsa, mai bango mai kauri, ana son sa a ranar. Tukunyar da ke riƙe gam da zafi ta ƙone, ni kuma maigidanmu, mai maɗaba'ar, ya aike ni in kai wa wani rubutunsa da na gyara. Yanzu-yanzu ya narka gam a kan risho, ya waiga yana neman abin da zai riƙe masa zafin, idonsa ya faɗa kan marigayiyar. Halinta na kirki ne ya ja mata. Ya cinye shinkafar da ke ciki, wai don kada ta lalace, ya tuttula mata gam har baki, yana juyawa da cokalina. Da masu aikin suka zo karɓa, ya murɗe murfin ya tura ta ƙarƙashin tebur, da na dawo ya ce mini wataƙila a mota na manta ta. Sai washegari aka gano ta, ta sandare.

An yi iyakar ƙoƙari. An jiƙa ta a tafasasshen ruwa. An kai ta wurin bakanike, ya matse ta a ƙarfe ya murɗa, hannunta ya cire, murfin bai motsa ba. Mai walda ya duba ya ce a yi haƙuri. Cokalin yana ciki, tare suka tafi. Da na tsare wanda ya aikata, magidanci mai 'ya'ya, abin da ya ce shi ne: "Yaya, ai dai aikin ya fita a kan lokaci."

Marigayiyar ta bar ƙaramin kwanon miya da ba ya zama daidai a cikin kowace kula, da jakar da take kwana a ciki, da ni. Ta kuma bar matata, wadda na zaci za ta fi kowa kuka. Da na kai mata labari, ta ce Allah ya ba ni haƙuri, ita dai amana ce tsakaninta da waccan kular, ba ta yi alkawari da wata sabuwa ba. Ta ce gwiwoyinta sun gaji da tsayuwar asuba, gari kuma cike yake da gidajen abinci. Na sayo sabuwa na ajiye a kicin. Ta zuba mata maɓallai da zare.

Don haka na shiga gari da yunwata, kuma ga abin da na gani. Gidan nan mai ƙofar gilashi, faranti kamar tire, abinci kamar na gwaji, an ɗora masa ganye ɗaya a ka, ga sanyin na'ura yana kashe shi kafin ka kai loma ta biyu. Na saman bene kuwa, manya da gemunsu suna ɗaukar hoton kifi yana hucewa a gabansu. Na bayan banki abincinsa ba laifi, amma kafin a kawo lokacin hutu ya ƙare, sai dai ka haɗiye kana tafiya. Sabon gidan da aka kashe ta dominsa ban shiga ba, ba kuma zan shiga ba.

Ba na ɓoye gaskiya ko ba ta yi mini daɗi ba: akwai ɗaya da ya cancanci a je. Yana kusa da mai facin taya, wata dattijuwa ce da shi. Babu kiɗa, babu talabijin, abinci da zafinsa, tana zubawa tana kallon idonka. In ka rage ta tambaye ka dalili. Aibinsa ɗaya ne, kujerunsa kaɗan, layinsa har bakin titi.

Ba za a binne marigayiyar ba, ƙasa ba ta cin irinta. Ranar Litinin da hantsi za a ɗauko gawar daga ƙarƙashin tebur, a goge ta, a ɗora a teburin Yanzu-yanzu, ya riƙa danne littattafai da ita yana ganinta har ya yi ritaya. Za a karɓi gaisuwa a wurin dattijuwar da tsakar rana. Kowa ya ci a farantinsa.

Hukuncin wanda ya kashe ta kuwa, yayarsa ce ta yanke, maigidan ya amince. Kowace ranar aiki shi zai riga ni fita, ya tsaya a layi cikin rana, ya kama mini kujera. Zai zauna a gabana ya saurari duk abin da zan faɗa har in gama. Ba zai ci ba sai na tashi.