Kyaftin da Ƙofar Murhu

Duk tsibirin Chiloé babu wanda ya san teku kamar Don Eleuterio. Shi da kansa ya tabbatar mana, kuma mutum mai hular kyaftin ba ya ƙarya. Wata uku cur ya yi yana ɗaure jirgin fito a bakin gaɓa, shekara talatin da suka wuce. Tun daga nan muke kiransa Kyaftin na Tudu, yana amsa rabin farko.

Ana gobe gayyar tonon dankalinsu, igiyar da ke toshe bakin ƙofar murhunsu na ƙarfe, mai gasa burodi, ta ruɓe, zafi yana tsiyayewa. Matarsa, Doña Ermelinda, tana da burodin mutum ashirin da za ta gasa, kuma a nan gidan da ya bar 'yan gayya da yunwa, baɗi shi kaɗai zai yi tono. Ta ɗauko farar igiyar da ba ta cin wuta, wadda ta sayo a birnin Castro.

Kyaftin ya murza ta da yatsa biyu.

"Tsohuwa, wannan ai ta 'yan birni ce. Ni da na toshe ɓarakar jiragen ruwa? Murhu jirgi ne da bai iya iyo ba."

"Tsoho, jirgi ba a hura masa wuta a ciki."

"Ki tsaya a fannin fulawa."

Ya kawo igiyar roba ta kwalekwale da gwangwanin kwalta. Ya auna da taƙi, ya lissafa da ido, ya dandaƙa da bayan cokali. Maƙwabta biyu da suka zo aron fartanya sai da suka saurari lacca kan iskar kudu.

"Ko ɗigon ruwa ba zai shiga ba," in ji shi.

Da safe aka jera burodi, aka hura wuta. Kicin ya ɗauki warin sabon titi. Igiya ta narke, kwalta ta bi ta, ƙofa ta kama gam. Kyaftin ya ja, ya ba da umarni, ya sake ja. 'Yan gayya suka taru a taga suna ba da shawara.

Sai da murhu ya huce aka ɓamɓare ta da bakin fartanya. Burodi ashirin, baƙi ƙirin, kowanne ya isa anga ta tsayar da jirgi.

Doña Ermelinda ta kankare bakin ƙofar, ta liƙa farar igiyarta, ta aika a dafa dankali a maƙwabta. Sannan ta miƙa wa mijinta burodi ɗaya a faranti.

"Ci, Kyaftin. Ka yi gaskiya, ruwa bai shiga ba."