Ranar da na kai ƙarar naman kaza

Ba zan taɓa mantawa ba da wata Talata a Riyad, lokacin ina direban gida a unguwar Nasim. Ko yanzu na tuna, sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Kafil ɗina, wato wanda iƙamata, takardar izinin zamana, ke hannunsa, wani dattijo ne da duk muke kira Baba. Hawan jini da kitse a jini suka sa likita ya raba shi da jan nama, ya rage masa gishiri. Mutumin da ya tashi a kan shinkafar kabsa da rago! Sai ya yi fushi da abinci, ya rame, faɗa kuwa ba a magana. Ana nan aka kawo sabuwar kuku, Lita, 'yar Filifin. Kafin sati biyu Baba ya koma suɗe kwano, yana ƙwala kira: "Lita, miya!" Ni ma kullum da azahar takan ajiye mini tawa a ƙofar ɗakina, in sha ina santi (ku riƙe wannan, za mu dawo kansa).

Ran nan na shigar da tukunyar gas kicin, sai na hango kwano a lungu an kife da faranti. Karambani ya sa na buɗe. Wasu baƙaƙen abubuwa ne a yamutse kamar kunnen tsohuwar akuya, bayansu duk zane-zane, suna iyo cikin ruwa mai kalar rubutun sha. Ga wani irin wari. Na ƙirga, bakwai cif. Ni da na yi izu goma a allo, wa zai gaya mini? Na ce ashe ba banza ba Baba ya mato a kan miyar nan. Na tofa Ayatul Kursiyyu, na tsiyaye ruwan a magudana, na ƙunshe sauran a leda na kai wa Mama, matar Baba, ina tafe ina jin kaina gwarzo.

"Mama, wallahi sihiri ne."

Na san abin da kalmar nan ke jawo wa 'yar aiki a ƙasar. Na sani sarai. In an tsaya a kora, to ta yi arziki. Amma ban tsaya na tambayi Lita ko kalma ɗaya ba.

Kafin la'asar an tara mu a falo. An zazzage akwatin Lita a ƙasa, har hoton 'ya'yanta biyu. Tana kuka tana cewa abinci ne, ba mai saurarenta. Muna cikin haka Maha, autar gidan mai karatun haɗa magunguna, ta dawo daga jami'a. Ta leƙa ledar, ta dube ni.

"Ya Muhammad," (ba sunana ba ne, a wurinsu kowane direba Muhammad ne) "wa ya kai ni kanti ranar Alhamis?"

"Ni ne."

"Wa ya ɗauko kayan?"

"Ni ne."

Ta shiga kicin ta fito da fakitin, ga hoton abin ɓaro-ɓaro a jiki. Naman kaza ne busasshe, wai shi shitake. Ta ce ita ta sayo saboda Baba: yana ba miya ɗanɗanon nama ba tare da nama ba, ba sai an cika gishiri ba, yana taimakawa wajen rage kitsen jini, yana ƙarfafa garkuwar jiki. Jiƙa shi ake yi tun safe, a yanka a soya da tafarnuwa da citta, ruwan jiƙon kuma shi ne romon.

Ni a garinmu a kan juji nake ganin naman kaza bayan ruwa, ko akuya ba ta waiwayarsa. Ina zan san ana sayar da shi a fakiti?

Baba ya gyara zama. "Ina ruwan?"

"Na zubar, Baba."

"To kai, wata biyun nan me kake sha da azahar?"

Lita kuwa ta durƙusa tana tattara kayanta, ba ta ko kalle ni ba.

Kowa ya ba ta haƙuri, ni har sau uku. Ta ce ba komai. Amma ƙofar ɗakina ba ta ƙara ganin kwano ba, kuma da wa'adin aikinta ya cika ta ƙi sabuntawa, duk roƙon da Baba ya yi. Ni na kai ta filin jirgi. Da na sauke mata akwati, sai ta miƙo mini fakitin shitake.

"Ka dafa wa Baba. Ka jiƙa tun safe. Kada ka zubar da ruwan."

Na dafa ɗin. Baba ya kurɓa sau ɗaya ya ture kwanon, ya ce, "Wannan kam babu sihiri a ciki."

Har yau abin yana cina, don matar da ke ciyar da ni na kusa jefawa cikin bala'i. Tun daga ranar, in na ga kwano a rufe, mai kwanon nake fara nema kafin in nemi ayar tofi.