Suyar Talotalo a Gidan Surukaina

Ba zan taɓa mantawa da washegarin wata ƙaramar Sallah ba, ranar da na ɗauki tukunya da murhun gas na tafi gidan surukaina don in nuna musu abin da ba su taɓa gani ba. Kuma gaskiya sun gani.

Ni malamin firamare ne a Wurno. Matata Hajara 'yar wani ƙauye ce a gefen Goronyo, kuma ita ce 'yar fari a gidansu. Wanda ya san al'adarmu ya san abin da hakan ke nufi. Shekara takwas da aurenmu, mahaifiyarta Inna ba ta taɓa haɗa ido da ni ba, balle ta ambaci sunana. In na je gaisuwa sai in durƙusa a bakin ƙofa, ta amsa daga bayan labule. In tana da magana da ni, Hajara take gaya wa, ko da kuwa ina tsaye ina jin komai. Shi kuwa Baba, mahaifin Hajara, manomin albasa ne, mutum mara yawan magana. A tsakar gidan, jikin katanga, yake da rudu, wato rumfar nan ta kara da ciyawa da ake ajiye albasa a ciki ta sha iska. A shekarar bai daɗe da cika shi ba, kuma da albasar nan yake riƙe gidan har damina.

Cikin azumi ne na ga bidiyon a waya. Wasu Turawa a bayan gidansu sun rataye talotalo guda, ba a yayyanka ba, sun zura shi cikin doguwar tukunyar mai, ya fito jawur yana sheƙi. Na kalla ya fi sau goma (wajen da ake fito da shi nake kalla, dogon bayanin da mutumin yake yi a farko kuwa kullum tsallake shi nake yi). Na ce a raina, bana dai za a san Hajara ta yi miji.

Na sa wani maƙeri ya yi mini doguwar tukunya da ƙugiya. Na sayi talotalo a kasuwar Achida, ƙato, wanda sai da na sauke shi sau biyu a hanya don ya huta, ni ma in huta. Da asubar ranar aka yanka, aka fige, Hajara ta wanke shi tas. Saboda zafin da ake yi, na sa shi a kula na danna masa ƙanƙara, har cikin cikinsa na cusa, wai kada ya lalace kafin mu isa. A lokacin ji nake yi wannan dabarar ko Turawan ba su yi tunaninta ba.

Da muka isa aka gaisa, na nemi izinin Baba. Ya dubi tukunyar, ya dubi ni, ya ce, "Guda za ka soya shi, Malam? Ba a yanyanka ba?" Na ce haka ake yi yanzu. Ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ya koma kan tabarmarsa.

Na zaɓi wuri mai inuwa na kafa murhu. Inuwar kuwa ta rudun ce. Na juye man gyaɗa a tukunya har ya kusa baki, don a lissafina sai man ya rufe talotalon ruf. Ban tsaya na tambayi kaina ina man zai je in talotalon ya shiga ba (ni ne fa nake koya wa 'yan aji biyar cewa in ka jefa dutse a kofi cike da ruwa sai ya zube). Kafin man ya yi zafi labari ya zaga, maƙwabta sun shigo, mata suna leƙe ta kan katanga. Ni kuwa ina cikin farar shaddata ta Sallah, na naɗe hannun riga, ina yi wa jama'a bayani.

Inna tana zaune a ƙofar madafa, ta juya mini baya kamar kullum. Sai na ji ta ce wa Hajara, "Ki hwaɗa mai man ga ya yi yawa."

Hajara ta zo ta gaya mini. Na ce ta gaya wa Inna ta kwantar da hankalinta, an auna.

Jim kaɗan ta sake cewa, "Ki hwaɗa mai shi tsane naman ga. Mai bai son ruwa. Kuma shi ja daga wurin albasa."

Matar da ta shekara arba'in tana suyar naman Sallah ke nan. Da a ce wata ce, da ta taso ta ƙwace ƙugiyar daga hannuna, amma kunyar suruki ta ɗaure ta. Ni kuma da ya kamata in ji, sai na ga ai a gaban mutane ne, in na sauke tukunya yanzu an raina ni. Na ce wa Hajara, da ƙarfi yadda kowa zai ji, "Wannan suyar zamani ce, ba irin ta kasko ba."

Na ciro talotalon daga kula yana ɗigar ruwa, ƙanƙara tana nan a cikinsa ba ta gama narkewa ba. Na saƙala ƙugiya, na yi bisimilla, na zura shi, wuta na ci a ƙasa ban kashe ba.

Ƙarar da ta tashi ban taɓa jin irinta ba. Man ya yi tsalle, ya tumbatso ta kowane gefe, ya gangara kan wutar. Kafin in ƙifta ido harshen wuta ya fi ni tsawo, ya lashi ciyawar rudun. Masu kallo suka watse, kowa na salati. Na saki ƙugiya na yi baya, sai idona ya faɗa kan bokitin ruwan da Hajara ta ajiye. Na sure shi na nufi tukunyar.

Nan ne na ji an kira sunana. Sunana na yanka, gatsau, ba Malam ba komai. Inna ce tsaye, mayafinta ya zame, tana kallona ido cikin ido.

"Aje ruwan nan! Kashe mu za ka yi? Mi ad da kai? Rufe gas!"

Na ajiye bokitin kamar ɗan aji ɗaya. Na rarrafa na murɗe kan gas ɗin. Ita kuma ta ɗauko babban faranti ta kifa a bakin tukunyar, ta shiga watsa ƙasa a kan man da ya zube, tana ba maza umarni su yaye ciyawar rudun. Suka yaye, suka kwarara ruwa a inda ya kama. Cikin 'yan mintuna wuta ta mutu. Ba wanda ya ƙone, alhamdu lillahi, in ban da gashin girata da gaban shaddata.

Sai dai albasa ba ta son ruwa, kuma ta sha shi. Dole aka kwashe ta duka aka baza a tsakar gida. Baba ya tsuguna yana ɗaukarta ɗaya bayan ɗaya, yana latsawa, yana ware wadda wuta ta dafa da wadda ta jiƙe. Na durƙusa gefensa na fara ba da haƙuri. Bai ɗago ba, ya ce, "Ba komi, Malam. Tsautsayi na. Miƙo man waccan." Wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Ban taɓa jin kunya da baƙin ciki irin na wannan lokacin ba, ina kallon guminsa na wata huɗu a zube, saboda kawai ina so a yabe ni.

Kwana uku na yi a ƙauyen ina juya albasa a rana, ina ɗauko kara da ciyawa ana gyaran rudu. Wadda ta ruɓe daga baya ba kaɗan ba ce. Talotalon kuwa da aka ciro shi, waje baƙi ƙirin, ciki ɗanye har da sauran sanyi. Inna ta kankare shi, ta yayyanka, ta soya a kasko yadda aka saba, aka kawo mini nawa a kwano. Ya yi daɗi ƙwarai, kuma na cinye, don kunya ba ta hana ni jin yunwa ba.

Abin da na koya shi ne, in tsohuwa ta ce man ya yi yawa, to ya yi yawa, ko ta bakin wa saƙon ya iso. Sannan duk gwanintar da ka koya a waya, fara gwada ta a gidanka, inda in ta ɓaci kayanka ne za su ƙone, masu yi maka dariya kuma kai kake ciyar da su.